Ƙofarka Ta Goce, Baban Sadiq

Zuwa ga maigidana Malam Habibu, Baban Sadiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, Ya yalwata maka shi, Ya cika shi da haske. Mu nan muna nan cikin damina, ruwa sai godiya.

Na sani sarai ba kai za ka karanta wannan ba. Masu bibiyata a waya ne za su karanta, wasu su yi maka addu'a, wasu su ce mai takaba ta rasa abin yi. Su faɗi son ransu. Ni dai tunda muke ban saba abu ya same ni ban gaya maka ba, yau kuma tsoro nake ji, irin wanda ban san wa zan kai wa ba. Maganar 'yarmu Jidda ce, da maganar ƙofar ragar da ka bar mana. Zan kawo maka ita a jere tun daga farko, don in na fara da ƙarshen ba zan iya ƙarasawa ba.

Ka fi kowa sanin dalilin ƙofar nan. Ɗanmu na fari, Sadiq, da ciwon sikila ya zo duniya. Yana shekara uku, a damina irin wannan, zazzaɓin cizon sauro ya shige shi. Muka ce zazzaɓi ne irin na kowane yaro. Kafin mu farga jininsa ya ƙone, muka je asibiti da shi a kafaɗarka, muka dawo da shi a naɗe. Har ka koma ga Allah mutane Baban Sadiq suke ce maka, ba ka taɓa cewa a canja ba.

Da aka haifi Jidda aka yi mata gwaji, aka ce ita ma sikilar ce. Washegari sai ga ka ka dawo daga shagon alminiyam ɗinku na Sharaɗa da guntayen ƙarfe a hammata, ka ce maigidanku ya yarje maka ka tsinci ragowar yanka. Haka ka yi ta kawowa, yau biyu gobe ɗaya, har ka haɗa mana ƙofar raga mai gudu a kan 'yan tayoyi, wadda ake ja gefe ta buɗe, a ja ta rufe. Ka ce ƙofa mai bangaza iska take korowa cikin ɗaki, sauro kuma ya biyo iskar.

Wanda bai zauna bayan kamfanonin nan ba zai ce ai gidan sauro ya isa. Bai san kwatarmu ba. Ruwan da ke fitowa daga masana'antu ya haɗu da na sama ya kwanta a bayan gida, ba ya tafiya ba ya bushewa. Sauron unguwarmu ba ya jiran a kwanta, tun la'asar sakaliya yake fitowa kiwo. Gidan sauro sai an yi barci yake aiki, yarinya kuwa ba za ka ɗaure ta a gado tun rana ba ta faɗi ba. Maganin da ake kunnawa kuma ka san yadda yake toshe mata ƙirji. Ƙofar nan ce kaɗai take ba ta damar ta ci tuwo, ta yi wasa, ta sha iska, ba tare da an cije ta ba.

Mutanen gidan haya suka yi ta mana dariya, suna cewa Malam Habibu ya sa wa ɗaki ɗaya ƙofar banki. Ni kaina na tsokane ka ba sau ɗaya ba. Na ce da ƙofar nan ta iya tuƙa tuwo da tuni ka mayar da ni gidanmu. Kai dai sai murmushi.

Duk farkon damina kakan tsugunna a gabanta da tsohon buroshin goge baki, da guntun kyandir, da sukudirebarka mai jan mariƙi. Ka share layin ƙarfen da tayoyin ke bi, ka goga masa kyandir, sannan ka zura sukudireba a ɗan ramin da ke ƙasan ƙofar, ka murɗa, ka ja ta, ka kasa kunne, ka sake murɗawa. Ina daga bakin murhu ina jin ka kana cewa, "Kada ki taɓa sa mata mai, Rabi. Mai yashi yake kira." Wani lokacin kuma, "Kaɗan-kaɗan ake yi. Ki juya, ki gwada." Ban taɓa kawowa a raina cewa wasiyya kake bar min ba.

To, ga abin da ya faru bayan tafiyarka.

Ranar da aka kai ka, gida ya cika. Danginku mata suka zo daga ƙauye, daga can ƙasar Jigawa, mota guda. Allah Ya saka musu, sun yi zumunci. Amma Baban Sadiq, babu wadda ta taɓa ganin ƙofar da ake ja gefe. Kowacce ta zo sai ta yi sallama ta tura. Ta ƙi buɗuwa, sai ta fizgo. Ta ƙi, sai ta sa kafaɗa. Ina zaune cikin lulluɓi a ƙuryar ɗaki, ana ta min gaisuwa, duk bugun da aka yi mata ina jin sa a haƙarƙarina. Amma ta yaya matar da aka binne mijinta da safe za ta ɗaga kai ta ce a bi ƙofa a hankali? Cewa za a yi ba mutuwar ce ta dame ta ba. Na bar su suna ta bugunta.

Kafin sadakar uku ƙofar ta goce daga layinta. Wata mai ƙarfin hali ta ɗaga ta ta danna ta a inda ta ga dama. Tun daga nan ƙasanta ke gurzar ƙarfe da wani ƙara mai tsinka haƙori, sai an sa hannu biyu take motsi, kuma ba ta kaiwa ƙarshe. Ta karkace, ƙasa ta taɓa, sama ta bar kafar da hannuna ke shiga har wuya.

Da baƙi suka watse aka bar min Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinka, ta zauna da ni zaman takaba. Ka san Gwaggo, zuciyarta fara ce, kanta kuma dutse. Ta ji ƙofa na kuka, sai ta yi mata abin da ake yi wa duk ƙofar da ke kuka a ƙauye: ta ɗauko kwalbar man gyaɗa ta tsiyaya a layin, tun daga wannan kai har wancan. Ina banɗaki aka yi. Da gari ya waye tururuwa ta yi jerin gwano a kai, yashin da ake shigowa da shi a ƙafa ya kwaɓe da man ya zama kamar ƙullin ƙosai. Ƙofa ta tsaya cak. Gwaggo ta ce ai dama ƙarfen Bature ba ya jin magani, ta samo tsohon zani ta rataye a kan kafar. Sauro bai san zani ba.

Malam Ilu abokin aikinka, mutumin Maraɗin nan da kuke cin abinci kwano ɗaya, ya ji labari. Ya taso daga aiki da jakar kayansa ya yi sallama a soro. Gwaggo ta tare shi a can. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta ce ya koma. Wai ko arba'in ba a yi ba namiji ba zai tsugunna a bakin ɗakin mai takaba ba, balle wanda ba shi da mata. Na ce mata zan shige ɗakin maƙwabta har ya gama. Ta ce masu ido wanda ya shiga za su gani, ba za su tambayi inda nake ba. Na ce malamai sun ce lalura tana da hukuncinta. Ta ce malaman ba a gidan haya suke zaune ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abinci. Abin haushin shi ne na san bakin mutanen gidan nan, na san ba ƙarya ta yi musu ba. Na ji tsoron Gwaggo, na ji tsoron bakin mutane, na ji tsoron sauro, na rasa wanne zan fi ji.

Haka muka yi ta zama. Rana na karkatawa sai in fara shiri. In sa wa Jidda doguwar riga da safa, ga zafi, tana kuka tana cirewa. In cusa tsumma a kafar, ya zame. In zauna a bakin ƙofa da mafici ina kaɗawa har hannuna ya mutu. Jiniyar kamfani ta tashi masu aikin yamma, ni kuwa a kunnena ba ta kai kukan sauro guda ɗaya ƙarfi ba. Da safe kafin ta farka in bi jikinta da ido, hannu, ƙafa, wuya, kamar mai tsince shinkafa.

Wata safiya na ga tabo a bayan kunnenta, ja, ya ɗan tasa. Na daɗe ina kallonsa. Na ce wa kaina ƙila cinnaka ne. Na san ba cinnaka ba ne.

Maman Joy ce ta kawo mafita. Ka tuna ta, maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna da ke aiki a kamfanin roba a Challawa, wadda kake cewa muryarta ta fi injinsu ƙara. Ta dawo daga aiki ta tarar da ni ina share hawaye da bakin mayafi. Da na gaya mata, sai ta riƙe ƙugu ta ce a iya saninta Gwaggo maza ta hana, ba ta hana sukudireba ba, ni da ita kuwa ai mata ne. Washegari ta sauka a Sharaɗa ta nemi shagonku, Malam Ilu ya gwada mata yadda ake yi a jikin wata ƙofa da suke haɗawa. Kafin ta iso gida rabin bayanin ya zube a hanya. Ta ce ba komai, ita ta riƙo rabi, ni in tono rabin da na gani a wajenka.

Jiya bayan azahar muka tasar mata. Sai da na buɗe jakar kayan aikinka, wadda ban taɓa ba tun ranar. Ƙanshin ƙarfe da na guminka ya buge ni, na zauna daɓas a ƙasa. Maman Joy ba ta lallashe ni ba. Ta ce in yi kukan da sauri, rana ba jiranmu take ba.

Kafin a ciro ƙofar sai an sassauta notin da ke cikin ramin, tayoyin su shige ciki. Mu kuwa muka murɗa ta ɗaya hannun. Ƙofa ta ƙara ɗagowa ta cije a sama, ko motsi. Maman Joy ta yi wata magana da yarensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, mun ƙarasa ta, yau ko karkatacciyar ma ba mu da ita. Muka juya hagu a hankali, ta saki, muka ɗaga ta muka kwantar a tabarma.

Da ka ga tayoyin nan da ka yi kuka. Mai da yashi da gashi sun dunƙule a jikinsu, ɗaya har da zaren mayafin wata ya naɗe a gindinta. Abin da na fi tsoro shi ne in tarar ta fashe, don in ta fashe ba mu da dabara. Na wanke su da ruwan sabulu da buroshinka, na warware zaren da allura, na sa yatsa na kaɗa. Ta juya. Na kaɗa ɗayar, ita ma ta juya. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har Gwaggo ta ɗago kai daga tasbaha.

Muka kankare layin tas, muka shanya shi da tsumma. Akwai inda aka taka ya lotsa, Maman Joy ta ɗora guntun katako ta bubbuga da guduma har ya miƙe. Sannan muka fara cusa kan ƙofar a ramin sama, na zura wuƙar yanka albasa ta ƙasa na ɗaga taya ɗaya ta hau layi, na ɗaga ta biyu. Duk wannan Gwaggo na gefe tana kallo, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Da nauyin ya so ya rinjaye mu sai kawai na ga hannu na uku ya tallafe saman.

Saura daidaitawa, nan ne aikin yake. Na ja ta har ta kusa rufewa, na tsaya ina kallon siririn hasken da ya rage tsakaninta da bango, yadda kake yi. Sama faɗi, ƙasa tsuke. Hankalina ya ba ni in murɗa notin da ke kusa da kafar. Na murɗa, kafa ta ƙara buɗewa. Rana ta yi sanyi, na fara jin sauro suna tashi daga kwata, hannuna ya jiƙe da gumi har sukudireba na suɓucewa. Na rufe ido ina neman ka a tsugune a wajen. Sai na gan ka, ba a bakin ƙofar kake ba, can ɗaya ƙarshen kake, na kuma ji muryarka: "In ta buɗe a sama, bayanta za ki ɗaga."

Na mayar da na gaba yadda yake, na koma baya. Na juya kaɗan, na gwada. Na ƙara kaɗan, na gwada. Hasken nan ya yi ta tsukewa daga sama har ya zama ɗaya tun daga kai har ƙasa. Gwaggo ta miƙo min guntun kyandir ba tare da ta kalle ni ba, na goga a layi. Na sa yatsa ɗaya na tura. Baban Sadiq, ta tafi sumul, da wannan 'yar siririyar ƙarar tata, ta je ta rufe ruf. Ko allura ba za ta wuce ba.

Jidda tana ciki a kwance tun da muka fara. Na ɗauka barcin rana ne ya yi mata daɗi, har ina murna ba za ta shiga ƙafarmu ba. Da ta ji ƙarar ƙofar sai ta ɗago kai daga filo, idonta a lumshe, ta ce, "Baba ne?"

Na shiga da dariya da hawaye in ɗauke ta in nuna mata. Hannuna na taɓa wuyanta na ji kamar na dafa murfin tukunya. Na ja ƙasan idonta, fari fat. Ta riƙe gwiwarta tana cewa ƙafarta. Duk abin da na gani a jikin Sadiq, shi na gani, ba ragi.

Ban san lokacin da na fara salati ba. Gwaggo da kanta ta ciro hijabina ta zura min, ta ce in tafi, Allah Ya san lalura. Maman Joy ta fita titi da silifas ɗaya ta tsayar da adaidaita. Muka ratsa cunkoson masu tashi daga aiki, yarinya a cinyata tana numfashi sama-sama, ni ina ta kiran sunanta don kada ta yi shiru.

An gwada, zazzaɓin sauron ne. Na ce wa likita ai na gyara ƙofar, yau ɗin nan na gyara ta, kamar shi ne zai yi min rangwame. Ya ce cizon ba na jiya ba ne ba na shekaranjiya ba, ciwon ya kwashe kwanaki yana tafasa a jini kafin ya fito. Ya ce jininta ya yi ƙasa, amma mun zo da wuri, za su sa ido su gani ko zai tsaya ko sai an ƙara mata. Na tambaye shi za ta tashi? Ya ce in yi ta addu'a, suna iya ƙoƙarinsu. Irin amsar da aka ba mu wancan karon ke nan, shi ya sa ba ta kwantar min da hankali ba.

Yanzu hantsi ne, ina kan benci a gefen gadonta, ruwa na ɗiga a hannunta. Ta kurɓi kunu kaɗan bai dawo ba. Duk sanda ma'aikaciyar jinya ta zo ta ja ƙasan idonta, ni fuskar ma'aikaciyar nake kallo har sai ta wuce gado na gaba.

Ɗazu Gwaggo ta sa aka kira mata ni a waya. Wai in gaya wa Jidda ta koyi jan ƙofar, tun jiya a rufe take, ba ta bari ko ƙuda ya shiga ba. Daga nan muryarta ta karye, ta yi ta kuka tana cewa ita ce ta jawo. Na ce mata ba ita ba ce, ƙaddara ce. Bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Habibu, yau na kira sunanka, ka yi haƙuri. Tsoro nake ji. Wancan karon kana tsaye a bayana, in na juya in ga ƙirjinka. Yanzu in na juya bango nake gani. Na iya share layi, na iya ɗaga taya, na san dama na san hagu, duk damina mai zuwa ni zan tsugunna in yi. Abin da nake roƙo kawai a bar min wadda zan rufe wa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Habibu, Ka gafarta masa, Ka saka masa da Aljanna saboda wahalar da ya sha a kan 'ya'yansa. Ka haɗa shi da Sadiq, su ɗebe wa juna kewa. Ya Allah, su biyu sun ishi juna a can. Ka tsayar da jinin yarinyar nan, Ka sauke mata zazzaɓin, Ka bar min ita in koma gida da ita a kafaɗata tana numfashi. Duk wanda ya karanta ya taya ni da amin.

Wassalam.

Taka har kullum,
Rabi, Maman Jidda